Hular Baffa Manniru

Ranar da Magdalene ta fara zuwa gidanmu a Nyanya, saura ƙiris in nuna mata ƙofa. Ta shigo da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe da Baba, ta gaishe da Umma, sannan ta ga ina ba Baba koko a baki da cokali. Sai ta ce in ajiye. Ni Murja, wadda ko daraktanmu a ma'aikata sai ya lallaɓa yake samun kaina, wai in ajiye cokalin da nake ciyar da mahaifina.

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. A bakin aikinsa ya faɗi, a rumfarsa ta wankin hula da ke bayan babbar tasha, inda ya yi shekara ashirin da shida ana ce masa Datti Mai Hula. Masu gashin ƙashi na asibiti sun yi ƙoƙari ƙwarai. Ƙafa ta tashi, yana takawa da sanda, magana ta dawo sai ɗan nauyin harshe. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suna iya riƙe abu mara nauyi, amma ba ya iya ɗaga hannun daga kan cinyarsa.

Mu kuwa muka yi abin da muka ga ya dace. Umma ke yi masa wanka da alwala. Ni ke ba shi abinci, in sa masa riga, in ɗora masa hula. In ya kai hannun hagu zai ɗauki kofi, kafin ya taɓa mu biyu mun riga shi. Yaya za a ce mutum yana da mata da 'ya, a bar shi yana fama da kofi? Abin da nake ji ke nan, kuma har ga Allah ina ganin babu 'yar da ta fi ni biyayya a duk Abuja.

Ana cikin haka Baffa Manniru, ƙanen Baba, ya zo daga Malumfashi. Ya dubi yayansa zaune shiru a kan tabarma, ya goge ido, ya ce zaman nan bai yi ba. A gida akwai hannuwa da yawa, akwai zaure mai sanyi. Nan da mako biyar, ranar Asabar, zai zo da mota ya ɗauki Baba da Umma. Na zuba wa Baba ido ina jira ya yi gardama, don mutum ne da ko kan yadda ake jiƙa sitati sai ya yi musu da kai. Sai ya ce, "To." Wannan kalma ta fi faɗuwarsa tsorata ni.

Likitansa ne ya haɗa mu da Magdalene, a daidai makon. Ni na ɗauka wata mai gashin ce za ta zo ta ja hannu ta tafi.

"Me kike nufi in ajiye?" na ce mata.

"Ki ajiye a gabansa, Anti. Bari shi ya gwada."

"Da hagu? A gidanku da hagu ake cin abinci?"

Ta yi dariya. "A garinmu Yangoji in ka ci da hagu, kaka zai buge hannun kafin ya kai baki. Na sani. Da dama zai ci."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani guntun soso, ta naɗe mariƙin cokalin da shi har ya yi kauri. Ta jawo ɗan teburin da muke ɗora rediyo, ta ɗora gwiwar hannun Baba a kai, ta matso da kwanon kusa da ƙirjinsa, ta sa cokalin cikin yatsunsa. Ya ɗebo, koko ya zube a riga. Na yunƙura, ta riƙe mini bakin zani ba ta ko kalle ni ba. Ya sake ɗebowa, ya sake zubewa. Na uku ya sunkuyo da kai, cokali ya shiga baki. Ya haɗiye, ya tsaya yana kallon cokalin, Umma kuma ta juya mana baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ban yarda na nuna abin ya burge ni ba. Na ce, "To ke ba mai gashi ba ce?"

"A'a. Ni aikina sunansa okupeshonal terapi. Su fisiyo, masu gashi, suna tambaya, hannu yana lanƙwasa ko ba ya lanƙwasa. Ni ina tambaya, in ya lanƙwasa me mai shi yake so ya yi da shi. Wanka, sa riga, alwala, kasuwa, duk abin da ya cika ranar mutum. In zai iya koya, mu koya masa. In bai iya ba tukuna, mu canja yadda ake yin aikin, ko kayan, ko wurin. Amma ba ni zan zaɓa ba, shi zai zaɓa."

Umma ta gwada sunan aikin sau biyu ta haƙura. Daga ranar take ce mata Malamar Hannu.

Magdalene ta zauna a ƙasa gaban Baba ta tambaye shi abin da ya fi so ya koma yi. Ya ce, "Ba komai, 'yata. Yadda Allah ya so." Ta juya tambayar ta nan, ta juya ta can, amsar ɗaya ce. Sai ta dubi kansa ta ce hular nan ta yi kyau, wa ya karya masa? Na ce ni ce, ina jiran yabo.

Baba ya ce, "Wannan ba karina ba ne."

Na ce, "Baba?"

"Wata huɗu kina sa mini hula kamar an kifa kwano. Ban dai ce komai ba."

Ai kuwa bakinsa ya buɗe. Ya shiga gaya mata bambancin zanna da damanga, da yadda tangaran ba ta son ruwan zafi, da yadda kowane mutum yake da karinsa, wani gaba, wani gefe, kuma shi bai taɓa rubuta na kowa ba, duk suna kansa. Harshen yana sarƙewa, bai damu ba. An zage ni a gaban baƙuwa, amma ni ji nake kamar in tashi in taka rawa.

Sai Magdalene ta ce, "Ina kayan aikin?"

Ni na kwashe su tun yana asibiti, na kai wa Sabo abokin rumfarsa, wai don kada ya gan su ransa ya ɓaci. Na faɗa, kaina a ƙasa. Baba ya dube ni kawai, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar na shiga keke na ratsa cunkoson tasha na iso rumfa. Sabo da ya ji dalilin zuwana ya miƙe har yana tuntuɓe da baho. Ya haɗo mini kawunan katako guda uku da ake ɗora hula a kai ta bushe ta yi tsari, da gudumar bugu, da buroshi, da dutsen guga na gawayi. Ya ƙara mini tsofaffin huluna shida da masu su suka manta, ya ce a gwada hannu da su. Ina dawowa gida da buhun a kai, ni da nake zuwa ofis da takalmi mai tsini, maƙwabta suna leƙe ko a jikina.

Makonnin da suka biyo baya, gidanmu ya koma wani wurin daban. Magdalene tana zuwa Talata da Juma'a, kuma duk zuwa sai ta zo da sabuwar dabara. Ta kira Silas kafinta ya ɗaure kan katako ɗaya a jikin tebur da ƙusa mai murɗi, don kada ya riƙa juyawa. Ta sa aka ɗinka wa buroshi maɗauri, yana shiga tafin hannun dama ya zauna. Hagu ke yin bugu da guga, dama ke danne hula da gogawa. Ta sa muka sayi bokiti mai famfo muka ɗora a kan benci, Baba ya zauna a kujera ya yi alwalarsa da kansa. Ranar farko ya yi kusan minti ashirin, ya jiƙa wando sharkaf, ya fito yana murmushi. Ta koya masa sa riga ta hanyar fara zura hannun da ba shi da ƙarfi, abin da ko a mafarki ban yi tunaninsa ba.

Mu ma ta ba mu namu aikin, kuma shi ya fi wuya. Ta ce, "In kun ga yana fama, ku zauna a kan hannunku. In ya kira, ku tashi. In bai kira ba, no." Umma ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Sai ka shigo ka same ta a bakin gado, tafukanta a ƙarƙashin cinya, tana cije leɓe, Baba yana kokawa da maɓalli. Ni kuwa sau nawa ina fita tsakar gida don kada in fizge buroshin. Na yi fushi da Magdalene ya fi sau goma, na kuma rungume ta ya fi sau goma.

Hula ta farko ta fito a karkace, ya jefar. Ta biyu sitati ya yi yawa, ta sandare. Ta uku guga ya ɗan ƙona bakinta, ya zagi dutsen gugar da kakanninsa, Umma ta ce alhamdu lillahi Malam ya warke. A mako na huɗu ya cire wata zanna mai ruwan ƙasa daga kan katako, ya juya ta a haske, ya karya ta da babban yatsa. Ta fito tsaf, kamar daga rumfa. Na ɗauki hoto na aika wa duk wanda ke cikin wayata, har da mai kawo mana ruwa.

Murna ce ta sa na yi gaggawa. Akwai Farouk a ofishinmu, tsohon mai kawo wa Baba aiki ne. Na karɓo hularsa, Baba ya wanke ta ya goge, na ce ya biyo ni gida ranar Laraba ya karɓa da kansa. A raina, in mutum na farko ya karɓa ya yaba, maganar Malumfashi ta mutu. Farouk ya yi sallama a ƙofa, na shiga ina rawar jiki na ce, "Baba, ga mai hula ya zo."

Baba ya dubi hular a kan tebur, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Kai masa."

"Baba, gaishe ka zai yi."

"Na ce kai masa."

Bai fito ba. Washegari bai taɓa buroshi ba. Ya koma kan tabarmarsa, ya ce wa Umma ta fara haɗa kaya. Na yi kuka a bayan ɗaki, na yi masifa, na tambaye shi laifin me muka yi, ko ɗaga kai bai yi ba. Na kira Magdalene na sauke mata duk abin da ke bakina.

Ranar Juma'a ta zo, saura kwana takwas. Ba ta buɗe jaka ba. Ta zauna a ƙasa kamar ranar farko ta ce, "Baba, wane wurin aikin ne na tsallake?"

Ya ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa miƙa wa mutum hularsa da hagu ba. Abin da zai ɗora a kansa ya shiga masallaci? Kuma ba zan zauna a rumfa wani yana miƙa aikina a madadina ba. Gara Manniru ya zo."

Magdalene ta dafe goshi. "Laifina ne, Baba. Na duba wanki, na duba sitati, bugu, guga. Na manta aiki bai ƙare ba sai hula ya koma hannun mai shi."

Na ce mata to a ɗaga hannun mana, a ƙara atisaye, safe da yamma. Ta girgiza kai, ta ce ba za ta yi mana ƙarya ba, kafaɗar nan ba za ta ɗagu a kwana takwas ba, wataƙila ma sai an yi watanni. Lokacin shan maganinsa ya yi, na tashi na ɗauko, na durƙusa na miƙa masa yadda aka koya mini tun ina ƙarama, da hannun dama, hagu yana tallafe da shi ta ƙasa.

Magdalene ta ce, "Tsaya. Anti, sake yi."

"Me zan sake?"

"Yadda kin miƙa. Please, sake."

Na sake. Ta miƙe tsaye, idonta na ƙyalli. Ta ɗauko hula ta sa a yatsun Baba na dama, ta kama hagunsa ta kai ƙarƙashin tsintsiyar hannun, ta ce ya tura sama. Hannun ya tashi. Ya tashi har daidai ƙirjina, hula a cikinsa, tana ɗan rawa amma ba ta faɗi ba. Na toshe bakina da mayafi.

Baba ya sauke, ya ɗaure fuska. "Haka yaro ke yi wa babba."

Ta ce, "Wanda ya tsallake rumfa goma ya kawo maka hularsa fa, Baba, ba babba ba ne?"

Ya kau da kai. Amma da ta tafi, na leƙo ta taga na gan shi yana gwadawa shi kaɗai, yana miƙa wa bango. Kwana bakwai ya yi yana miƙa wa Umma duk abin da ya samu, kofi, carbi, murfin tukunya. Umma tana karɓa tana rufe fuska, tana cewa shekara talatin da aure ba ta taɓa ganin irin wannan ladabi ba. Duk da haka bai ce a kwance kaya ba, jakunkuna uku suna nan jingine a bakin ƙofa. Na tambaye shi ya fasa tafiyar ne, ya ce in bar shi.

Ranar Asabar da hantsi motar Baffa Manniru ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo yana miƙa, ya yi tuƙi tun kafin asuba, hularsa ta lotse ta gefe, gumi ya zagaye bakinta. Ya tarar da Baba a tsakar gida, zaune gaban tebur, sanye da rigar da ya sa da kansa. Magdalene ma tana nan a gefe, ko da yake ba ranar zuwanta ba ce. Suka gaisa. Baffa ya dubi jakunkuna ya ce madalla, gara a kama hanya da wuri.

Baba ya ce, "Da wannan hular ka ratso gari nawa?"

"Yaya?"

"Cire. Ka ba ni kunya."

Baffa ya cire, don ko ya yi furfura ƙane ƙane ne. Ya zauna a benci da sanƙonsa a waje, yana kallon yayansa ya zura hannu a maɗaurin buroshi. Da sabulu ya suɓuce ya faɗi ƙasa, Baffa ya zabura zai ɗauko. Umma ta ce, "Manniru, zauna a kan hannunka." Ya dube ta kamar ta zautu. Ta nuna masa yadda ake yi. Baba ya jawo sabulun da sandarsa, ya sunkuya ya ɗauka.

Aka wanke, aka sa sitati, aka ɗora a kan katako a rana. Baffa ya duba agogo sau uku, daga nan ya daina. Aka ci abinci, Baba yana ci da cokalinsa mai soso, Baffa yana satar kallonsa. Aka yi azahar, ya ga yayansa ya yi alwala a bokiti mai famfo ba wanda ya taɓa shi. Ni kuwa na kasa zama, na share tsakar gidan nan sau biyu, na ƙona hannu wajen hura gawayi ban ma ji ba.

Bayan salla hula ta bushe. Baba ya buga ta, ya goge, ya cire ta daga kan katako. Ya karya ta gefen hagu, can baya kaɗan, irin karin da Baffa yake yi tun yana saurayi, ba tare da ya tambaya ba. Sannan ya dafa tebur ya miƙe tsaye. Ya sa hular a yatsunsa na dama, ya kai hagu ƙarƙashi, ya ɗaga. Hannun yana rawa, amma ya tafi har gaban ƙanensa.

"Ga hularka, Alhaji."

Baffa Manniru ya dubi hannuwan nan biyu. Wannan mutumin ne ya goya shi, shi ya kai shi makaranta, bai taɓa miƙa masa abu ba sai dai ya jefa masa. Sai kawai ya zame daga benci ya durƙusa a kan siminti, da babbar rigarsa da komai, ya tara hannu biyu ya karɓa. Ya daɗe a nan kansa a ƙasa, kafaɗunsa suna motsi. Na waiga in ga Magdalene, na tarar ta buɗe jakarta tana neman abin da babu.

Da Baffa ya tashi ya sa hular, ya gyara murya ya ce, "Akwai guda huɗu a gida duk sun lalace. Zan aiko direba da su."

Baba ya ce, "A kai rumfa. Litinin ina can."

Umma ba ta jira kowa ba, ta ja jakar farko ta mayar ɗaki.

Baba ya koma kujerarsa yana haki, gumi na zuba. Ya ce, "Murja, ruwa." Na yunƙura da gudu. Sai ya ɗaga mini yatsa, ya dubi randar da ke can ƙarshen tsakar gida, ya jawo sandarsa.

"Bari. Zan ɗebo."

Na koma kan benci kusa da Baffa, na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya, muka zauna muna kallonsa yana tafiya.